Matakin Fresh a Digimon: Abin da sabon mai wasa ya kamata ya sani

A shekarar 1997 kamfanin Bandai na Japan ya fitar da wata ƙaramar na'ura mai suna Digital Monster, wato Digimon, shekara guda bayan Tamagotchi. A cikinta ake rainon wani dodon dijital tun daga ƙwai har ya girma ya iya faɗa da na wata na'urar.

Da zarar ƙwan, wanda ake kira Digitama, ya ƙyanƙyashe, sai dodon ya fito a matakin farko. A Japan sunan matakin Baby I, a fassarar Turanci kuma Fresh. Daga nan sai In-Training, sai Rookie, sai Champion, har sama.

Jaririn na'urar farko shi ne Botamon, wani baƙin dunƙule mai idanu ruwan ɗorawa, ba hannu ba ƙafa. Makaminsa kumfa ce kawai da yake hurawa don tsorata abokin gaba. Na'ura ta biyu ta zo da Punimon, ja mai ƙahonni uku masu laushi, ta uku kuma da Poyomon.

Inda sababbin 'yan wasa ke ruɗewa shi ne zaton cewa tun a nan ake yanke makomar dodon. A na'urar farko Botamon hanya ɗaya gare shi: Koromon zai zama. Sai daga Koromon hanya ke rabuwa, ko Agumon ko Betamon, gwargwadon kulawar da aka ba shi. Matakin ma gajere ne, bai wuce awa guda ba, kuma jaririn ba ya shiga faɗa. Amfaninsa shi ne mai wasa ya saba da maɓallai uku na na'urar: ya ba da nama, ya share kashi, ya amsa idan dodon ya yi kira. Wanda bai koyi amsa kira a wannan awa ba, a mataki na gaba zai fara biyan kuɗin sakacinsa.

Shirin katun na Digimon Adventure, na 1999, ya ba matakin wani nauyi daban. A can, Digimon da ya mutu bayanansa kan sake haɗuwa su koma ƙwai a Primary Village, ƙauyen da Elecmon ke gadin jarirai. Shi ma Angemon bayan karawarsa da Devimon ya koma ƙwai, ya dawo a matsayin Poyomon.