Jiran Ubangiji a Kwanakin Hunturu

Ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, dominka aka rubuta wannan 'yar takarda. Ka karanta ta a hankali, sa'an nan ka karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Ga hunturu ya shigo. Iska ta juyo daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar Sahara ta lulluɓe Kaduna da hazo. Kogin da ya cika ya batse a watan Agusta da Satumba ya janye, har duwatsun cikinsa sun bayyana. Ciyawa ta bushe, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. A cikin waɗannan kwanaki ne masu bi su ke shirin idin haihuwar Yesu Almasihu, wato Kirsimeti. Littafi Mai Tsarki bai ambaci ranar haihuwar ba, amma an san masu bi na birnin Roma suna kiyaye 25 ga Disamba tun shekara ta 336. Ikkilisiyoyi da yawa kuma su kan keɓe Lahadi huɗu kafin idin, ta farin ta kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Abin da a ke koya cikin makonnin nan shi ne jira.

Lalle kana bukatar wannan koyarwa. Wataƙila sa'ad da ka ba da gaskiya ka zaci wahalarka ta ƙare. Ga shi kuwa har yanzu ba ka sami aiki ba, ko ciwo bai bar gidanka ba, ko danginka sun janye hannu daga akushinka. Sai zuciya ta fara raɗa maka cewa Allah ya manta da kai. Mutane da yawa a nan su ke juyawa da baya.

Jira iri biyu

Hausawa sun san wani jira da su ke kira jiran gawon shanu. Shanu su kan taru a gindin gawo da rani, su tsaya suna duban sama ko iska za ta kaɗo musu 'ya'ya. Ba wanda ya yi musu alkawari, ba kuma abin da su ke yi sai tsayuwa. Irin wannan shi ne tsammanin warabbuka, ƙarshensa kuwa gajiya da gunaguni.

Akwai kuma jiran manomi. Bayan kaka ya kan ware iri ya ajiye a rumbu, ko yunwa ta matsa masa ba ya taɓa shi. Da rani yana kai taki, yana sharar gona, yana gyaran fartanya, alhali babu ko gajimare ɗaya a sama. Me ya sa? Domin ya san Wanda ya saukar da ruwa bara da bara waccan. Manzo Yakubu da wannan misali na manomi ya gargaɗi masu bi na farko, cikin sura ta 5 ta wasiƙarsa.

Jiran mai bi irin na manomi ne, sunansa kuwa bege. Ka san bege a bakinmu na kullum: uwa tana begen ɗanta da ya yi tafiya, ba ta ganinsa amma zuciyarta tana wurinsa. Begen Kirista ya ɗara wannan da abu guda, gama wanda mu ke bege ya yi alkawari, mun kuma ga ya cika alkawarinsa na fari. An ce zai zo, ya kuwa zo, aka haife shi a Baitalami. Saboda haka da ya ce zai komo ya share hawaye ya yi shari'ar gaskiya, muna da dalilin jiransa.

Waɗanda suka jira kafin mu

Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da Allah ya kira shi ya yi masa alkawarin zuriya. Sai da ya kai shekara 100 aka haifi Ishaku. Annabi Mika ya ambaci Baitalami wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. Tsararraki suka zo suka wuce, aka kwashe jama'a bauta zuwa Babila, suka komo, Romawa suka mallake su, alkawarin yana nan bai ruɓe ba.

Ka buɗe Bisharar Luka sura ta 2, za ka tarar da dattawa biyu a Haikalin Urushalima. Ɗaya Saminu ne, mutumin kirki, wanda Ruhu Mai Tsarki ya sanar da shi ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu. Ɗayar kuwa Hannatu ce, annabiya, tsohuwa ƙwarai, wadda mijinta ya rasu bayan shekara 7 da aure, ta lazimci Haikali da azumi da addu'a. Yanzu ka lura da abin da idonsu ya gani ran da jiransu ya ƙare. Jariri ne mai kwana 40 a hannun matalauta, waɗanda hadayarsu tsuntsaye biyu ce, irin wadda Shari'a ta yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Sojan Roma suna nan a titi, haraji yana nan, ba da daɗewa ba ma Yusufu da Maryamu suka gudu da yaron zuwa Masar domin tsoron Hirudus. Duk da haka Saminu ya rungume shi ya yi godiya, hankalinsa kwance. Somin abin kaɗai ya gani, ya ishe shi, domin ya san Mai alkawari.

A ƙasarmu ma an jira

Kada ka ce wannan labarin ƙasa mai nisa ne. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasar Hausa: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida ba mai bi ko ɗaya a bayansa. A 1900 Bishof Tugwell da Likita Mila da abokansu suka isa Kano, Sarki Aliyu ya sallame su, suka komo Girku, a nan ma suka binne ɗayansu. Sai a 1905 Likita Mila ya sami zama cikin birnin Zariya.

A wannan lokaci kuwa akwai waɗansu Hausawa da su ke nasu jiran, ba su san da waɗannan baƙi ba. Su ne a ke kira Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim na Kano, wanda bincikensa ya kai shi ga girmama Isa Almasihu ƙwarai, har aka kashe shi a kan koyarwarsa. Mabiyansa suka watsu, suka riƙe ɗan abin da suka sani, suka koya wa 'ya'yansu, suna sauraron ran da za su ji sauran labarin. A 1913 waɗansunsu suka zo wurin Likita Mila a Zariya. Aka kafa musu gari a Gimi, suka yi murna, sai ciwon barci ya faɗa wa garin ya kashe mutane da yawa. Waɗanda suka ragu ba su saki bangaskiyarsu ba. Daga baya aikin ya koma Wusasa a 1929, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa.

Ka ƙidaya: daga 1893 zuwa 1932 shekara 39 ke nan. Gowans bai ga littafin ba, matattun Gimi ba su gan shi ba, kai ne ka ke karanta shi yau da harshen uwarka. Jiransu bai zama banza ba.

Wa'azin rimi

Itacen da wannan unguwa ta ci sunansa yana da abin da zai koya maka. Da hunturu rimi ya kan zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, wanda bai san shi ba sai ya ce ya mutu. A daidai wannan lokaci ne kuwa ya ke yin fure, furen ya kan buɗe da dare, jemagu su zo su sha zaƙinsa mutane suna barci. Bayan 'yan watanni 'ya'yansa su fashe, audugar da a ke cusa matashin kai da ita ta fito. Haka aikin Allah ya ke sau da yawa cikin ran mai bi: sa'ad da ka ga kamar an tuɓe maka kome, sa'an nan a ke ƙulla abin da wani zai ɗora kansa a kai ya huta.

Halin mai jira

Bege ba ya ɓuya, a hali a ke ganinsa. Ga abu huɗu da za ka kiyaye cikin makonnin nan.

Na fari, kada ka ci bashi domin idi. Za ka ga tela ba ya barci, kasuwa ta cika, 'ya'yan maƙwabta sun yi sabon ɗinki, sai kunya ta kama ka. Ka tuna wanda a ke yi wa idin a komin dabbobi aka kwantar da shi. Daidai ruwa daidai tsaki. In kana da kaza ka yanka da godiya, in wake da shinkafa ne ka ci da godiya. Wanda ya ci bashi a Disamba domin idon mutane, a Janairu mai bin bashi zai tsaya masa a ƙofa, yara kuma su rasa kuɗin makaranta.

Na biyu, kada gaggawa ta kai ka wurin boka. In ciwo ya daɗe ko haihuwa ta yi jinkiri, za a sami mai ce maka ya san wani wuri. Ka yi hankali kuma da wanda ya ke kiran sunan Yesu amma yana sayar da mai ko ruwa, yana yanka maka ranar da arziki zai zo in ka biya. Allah ba ya sayar da alherinsa. Ka kai mara lafiya asibiti, ka kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a, ka ci gaba da neman aiki da hannunka. Ibrahim ma da ya gaji da jira ya bi gajeriyar hanya ta wurin Hajaratu, abin ya jawo wa gidansa ɓacin rai mai tsawo.

Na uku, ka yi haƙuri da danginka da maƙwabtanka. Kai da ka ke zaune arewacin kogi, yawancin maƙwabtanka Musulmi ne, wataƙila iyayenka ma. Garin nan ya sha wuya a rikicin Fabrairu na 2000 da na Nuwamba na 2002, rayuka da yawa suka salwanta, mutane suka yi ƙaura, Kirista da yawa suka koma kudancin kogi, Musulmi da yawa suka komo arewa. Tabon yana nan a zukata. Amma ka dubi Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Liman Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikici. Dā abokan gāba ne, tun 1995 kuwa suka fara aikin sulhu tare. A watan Agusta na 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan takardar zaman lafiya ta Kaduna, bayan wata 3 wuta ta sāke tashi, duk da haka mutanen nan biyu ba su bar aikin ba. Kai ma fa, in an zage ka kada ka rama. Ka gai da iyayenka kamar dā, ka fi dā ma. Ka je suna, ka je ta'aziyya. Ran idi ka aika wa maƙwabci abinci mai tsabta wanda addininsa ya yarda da shi, kamar yadda shi ma ya kan aiko maka da Salla. Kada ka yi gardamar addini a bakin titi. In an tambaye ka dalilin begenka, ka amsa da ladabi. Mai haƙuri shi ya kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Na huɗu, kada ka yi jira kai kaɗai. Itace ɗaya ba ya daɗewa yana ci a murhu, amma in an haɗa uku wuta ta kan kwana. Ko sanyin asuba ya yi tsanani, ka tashi ka yi addu'a, ka karanta sura ɗaya, ran Lahadi kuma kada a rasa ka cikin taro. Sa'an nan ka duba wanda sanyin ya fi damu: mai gadi da ya ke kwana a ƙofar gidan wani, da almajiri mai yagaggiyar riga, da gwauruwa mai 'ya'ya. In kana da bargo biyu, ɗaya nasu ne. Kada ka tambayi addininsu kafin ka ba su.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin jiran gawon shanu da jiran manomi?
2. Me Saminu ya gani a Haikali, me kuma bai gani ba tukuna?
3. Shekara nawa ne daga saukar samarin nan uku a Ikko zuwa buga Littafi Mai Tsarki da Hausa?
4. Cikin abu huɗun nan, wanne ya fi yi maka wuya? Ka faɗa wa wani dattijon ikkilisiya, ku yi addu'a tare.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka cika alkawarinka ka aiko mana Mai Ceto a lokacin da ka ga dama, ka san abin da na ke jira, ka san kuma gajiyata. Ka tsare ƙafata daga gajeriyar hanya, ka tsare bakina daga ramuwa. Ka sa albarka ga iyayena da maƙwabtana, ka ba garinmu zaman lafiya. Ka riƙe ni har ran da zan ga fuskar wanda na ke bege. Domin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.