Karatun Injiniyan Gona

Iyaye da yawa a Farin Dutse da Gwaram, in suka ji yaro yana karatun injiniyan gona, sai su ce ai tuƙin tarakta ya tafi koyo. Ba haka ba ne, 'yan'uwa. Direba daban, injiniya daban. Injiniya shi ne mai auna ƙasa da ruwa da ƙarfin dabba, sa'an nan ya tsara kayan aikin da ya dace da su.

Bari mu ɗauki misali daga fadama. Don me injin ban ruwa yakan yi ta ƙara sa'anda rani ya yi nisa, ruwa kuwa ya ƙi fitowa? Mukan ce injin ya tsufa. Sau da yawa lafiyarsa lau. Gama injin yana zuƙe iskar da ke cikin bututu ne kawai, nauyin iskar sarari kuwa shi ke danna ruwan ya hau. Nauyin nan yana da iyaka: bisa ga lissafi mita 10 ne, a wurin aiki kuwa wajen mita 7. In ruwan rijiya ya sauka ya wuce nan, ko mutum ya sayar da akuyarsa ya sayo sabon inji daga Kano, a banza ne. Sai dai a haƙa rami a sauko da injin kusa da ruwan. Dubi yawan kuɗin da wannan ɗan sani zai tsare wa gida guda!

Haka kuma garmar shanu. Ba mu rena tarakta ba, amma gonakinmu ƙanana ne, kuma in haƙorin garma ya cinye, maƙerin gari yana iya gyara shi ran kasuwa. Injiniyan kirki yakan tuna da maƙerin nan tun yana zanen kayansa.

Ina ake koyo? A Samaru ta Zariya an kafa tashar binciken noma a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, can kuwa akwai sashen injiniyan gona. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da shi. Karatun digiri shekara 5 ne, ƙofar shigarsa kuwa lissafi ne da fiziks da kemistiri. Domin wannan, yaron da ya iya lissafi, kada a hana shi makaranta saboda gona. In an yi hutun damina kuma, a miƙa masa fartanya.