Matsalar Alamar Gane Kwamfuta

Makiyayi a kasuwar Talata Mafara yakan gane saniyarsa da tabon lalas. Mai rubuta manhaja don sayarwa shi ma yana bukatar alama, gudun kada a kwafe aikinsa zuwa wata kwamfuta. To, wace lamba ce abin dogaro? Lambar MAC, mai haruffa da alƙaluma 12, tana tare da katin sadarwa. In an canja katin, ta tafi. MachineGuid kuwa takan sake idan aka sabunta ɗora Windows. Ta babban allon na'ura ta fi ƙarko, amma wasu masana'antu sukan maimaita ta. Saboda haka gara a haɗa ukun, a amince idan biyu sun dace. In ba haka ba, ɗan kasuwar Garbadu da ya kai gyara sai ya tarar manhajar da ya biya ta ƙi buɗewa.