Haske da Zare: Kimiyyar Ɗaukar Hoton Tsofaffin Kayan Saƙa na Cikin Gida

Gabatarwa

A garuruwan kudancin Jihar Kano, irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, akan tarar da adaka ko kwalla a ƙuryar ɗakin dattijuwa, cike da kayan saƙa waɗanda suka girmi 'ya'yanta. Akwai gwado, farin mayafi mai kauri da mata ke saƙawa a masaƙar tsaye. Akwai luru, bargon auduga mai adon shuni, da zanen saƙi mai ƙananan zane kamar gashin zabo. Sannan akwai waɗanda suka zo daga baya, wato zanen gado da rigar matashi masu surfani, da shimfiɗar tebur ta kwarashi, waɗanda 'yan mata kan tanada domin jeren ɗakin aure.

Waɗannan kaya suna da dogon tarihi. Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya ratsa ta Bebeji a shekarar 1826 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya kuma bayyana ta a matsayin babban gari na 'yan kasuwa. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano su ne ƙashin bayan cinikinta, har ana kai su Tambutu da Tarabulus. Binciken da Philip Shea ya kammala a 1975 ya nuna irin rawar da garuruwan karkara, kamar Kura, suka taka a wannan sana'a.

Sai dai tufa ba ta da ƙarkon ƙarfe ko tukunya. Asu da gara da danshi da rana duk suna cin ta, masaƙan hannu kuma kullum raguwa suke yi. Hanya mafi sauƙi ta adana kamannin waɗannan kaya ita ce ɗaukar hotonsu, tun da yanzu akwai kyamara a jikin wayar hannu. Amma hoton da zai amfani mai bincike sai ya faɗi gaskiya game da launi da girma da yanayin zare, kuma a ɗauke shi ba tare da an cutar da tufar ba. Duk wannan ya dogara ne a kan sanin halin haske.

Yadda Haske ke Cin Tufa

Haske makamashi ne da ke tafiya cikin igiyoyi. Idon ɗan Adam yana ganin igiyoyin da tsawonsu ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ƙasa da 400 akwai hasken da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet. Gwargwadon gajartar igiya, gwargwadon ƙarfin makamashinta. Idan irin wannan haske ya faɗa kan tufa, yakan tsinka ƙwayoyin sinadarin rini, sai launi ya koɗe. Yakan kuma raunana selulos, wato sinadarin da zaren auduga ya ƙunsa, sai tufar ta riƙa yagewa da an taɓa ta. Ɓarnar tana taruwa ne a hankali, kuma babu maganin da ke mayar da launin da ya riga ya tafi.

Ana auna yawan hasken da ke faɗa wa abu da ma'aunin luks. Gidajen adana kayan tarihi sun yi ittifaƙi a kan cewa kada hasken da ake haska tsohuwar tufa da shi ya wuce luks 50. Ranar tsaka kuwa takan kai luks 100,000. Idan aka raba 100,000 da 50 za a sami 2,000. Ke nan shanya luru na sa'a ɗaya a tsakar rana daidai yake da baje shi na sa'a 2,000 a gidan tarihi, wato kimanin kwana 83 dare da rana. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce kada a shimfiɗa tsohuwar tufa a rana domin neman hoto mai haske.

Rini ma ya bambanta wajen juriya. Shunin baba yana cikin rinin da ke jure haske ƙwarai. Yawancin rinin masana'anta na farko, waɗanda suka biyo bayan wanda William Perkin ya gano a Ingila a 1856, ba su da wannan juriya. Shi ya sa sau da yawa akan ga jan zare ko ruwan hoda na tsohon surfani ya koɗe, alhali shunin luru da ya girme shi yana nan daram.

Launin Haske da Kuskuren Kyamara

Hasken da ake kira fari ba iri ɗaya ba ne. Masana suna auna launinsa da ma'aunin Kelbin. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana ba da kimanin Kelbin 2,700, haskensa na da ja-ja. Hasken rana da tsaka yana kusa da 5,500. Inuwa a ƙarƙashin sama mai garau takan kai 7,000 ko fiye, haskenta na da shuɗi-shuɗi. Ƙwaƙwalwar mutum tana gyara wannan bambanci ba tare da ya sani ba, shi ya sa farin gwado fari ne a idonsa ko da rana ko da fitila. Ita kuwa kyamara kintace take yi, kuma takan yi kuskure.

Abubuwan da ke kewaye ma suna rina haske. Katangar jan ƙasa tana mayar da ja-ja a kan farar tufa, inuwar mangwaro kuma tana zuba mata kore-kore. Wurin da ya fi dacewa shi ne ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ko bakin zaure, da hantsi, inda haske ke shigowa da yawa amma rana ba ta taɓa tufar. Kada a haɗa hasken taga da na ƙwan lantarki, domin rabin hoton zai fito da launi dabam da ɗaya rabin. Hazon hunturu yana tausasa haske, sai dai ƙurarsa na sauka a kan tufa, don haka a gaggauta aiki a irin wannan lokaci.

Akwai wani kuskure kuma na yawan haske. An tsara ma'aunin kyamara ne bisa zaton cewa abin da ke gabanta matsakaici ne, kamar toka-toka mai mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. Idan farin gwado ya cika hoton, sai ta zaci haske ya yi yawa, ta rage, gwadon ya fito kamar mai dauɗa. Idan baƙin zane mai shuni ne, sai ta ƙara haske, zanen ya fito kamar ya koɗe. Maganin duka biyu shi ne a ajiye farar takarda da baƙin kwali a gefen tufar, a daidaita hasken kyamara da hannu har takardar ta fito fara, kwalin ya fito baƙi. A bar su cikin hoton, domin su ne shaidar da wani zai gwada launin da ita daga baya.

Kusurwar Haske

Masanin nan haifaffen Basra, Ibn al-Haisam, wanda ya rasu wajen shekarar 1040, ya yi bayani mai zurfi cikin littafinsa Kitabul Manaziri a kan yadda haske ke dawowa daga abu mai santsi: kusurwar da ya faɗa da ita daidai take da wadda zai tashi da ita. Tufar shuni da aka buga a mabuga tana sheƙi ne domin bugun ya danne zaren ya yi santsi kamar madubi. Idan aka kunna filashin da ke dab da idon kyamara, hasken zai tafi kai-tsaye ya dawo kai-tsaye, sai wani farin tabo ya rufe tsakiyar hoton. Don kauce wa haka, masu ɗaukar hoton kayan tarihi kan ajiye fitila biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace a kusurwar digiri 45. Ƙyallin sai ya wuce ta gefe, launi da zane su fito sosai. Wanda ba shi da fitila yana iya barin haske ya shigo ta gefe ɗaya, ya tsayar da farin kwali a ɗaya gefen domin ya mayar da shi.

Irin wannan haske yana nuna launi, amma yana ɓoye tudu da kwarin saƙa. Domin ganin su sai a koma ga hasken kwance. A rage hasken ɗaki, a riƙe tocila a gefen tufar, ƙasa-ƙasa, yadda haskenta zai shafi fuskar tufar. Lissafin kusurwoyi da ake koyarwa a babbar sakandare ya isa ya bayyana dalili. Zaren da ya ɗaga da milimita 1 yana jefa inuwa mai tsawon milimita 1 idan haske na digiri 45. Idan aka sauke hasken zuwa digiri 10, inuwar za ta kai kimanin milimita 5.7. Nan take kauri da sirantar abawar da aka kaɗa da mazari za su bayyana, saɓanin zaren inji wanda kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Haka nan ɗinkin da ya haɗa ƙyallayen luru, da facin da aka yi, da sawun ninki.

Nisan fitila shi ma yana da ƙa'ida. Idan nisa ya ninka sau biyu, haske yakan ragu sau huɗu; idan ya ninka sau uku, ya ragu sau tara. A ɗauka luru mai tsawon mita 2 ne, fitila kuma tana nisan mita 1 daga bakinsa na kusa. Bakinsa na nesa yana mita 3 ke nan, don haka na kusa zai fi shi haske sau 9. Idan aka ja fitilar baya zuwa mita 4, nisan ya zama 4 da 6, bambancin ya sauko zuwa 36 a raba da 16, wato sau biyu da kwata kacal.

Shimfiɗa Tufa da Tsayar da Kyamara

Kada a rataye tsohuwar tufa a igiya ko a kafe ta da ƙusa, domin nauyinta kaɗai na iya yaga ta. A wanke hannu, a cire zobe da agogo, a shimfiɗa tabarma a rufe ta da tsaftataccen yadi mara zane, sannan mutum biyu su warware tufar a kai sannu a hankali. Ba a wanke ta, ba a kuma goge ta da dutsen guga saboda hoto.

Dole fuskar kyamara ta yi daidai da fuskar tufa, in ba haka ba shimfiɗar tebur mai kusurwa huɗu daidai za ta fito da faɗi a ƙasa da tsukewa a sama. Ga dabara mai sauƙi: a ajiye ƙaramin madubi a tsakiyar tufar. Idan aka hango idon kyamarar a cikin madubin, a tsakiyar allon waya, to ta tsaya daidai. Sai a ɗauke madubin a ajiye rula a gefe. Ga ƙananan kaya, ana iya gitta katako tsakanin tebura biyu a ɗora wayar a kai, a sa ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi, domin rawar hannu tana dusashe zare.

Zanen saƙi yana da tasa matsalar. Cikin kyamara akwai miliyoyin ɗigogi masu karɓar haske, jere layi-layi. Idan ƙananan layukan saƙin suka hau kan waɗannan layuka, sai wasu igiyoyi masu kama da rawar ruwa su bayyana a hoton, alhali babu su a tufar. Ana ganin irin haka idan aka ɗora gidan sauro a kan wani. Matsawa gaba ko baya kaɗan yakan kawar da su.

Bayanin da ke Rakiyar Hoto

Kowace tufa tana bukatar hoto biyar: gabanta gaba ɗaya, bayanta, hoton hasken kwance, hoton kusa mai nuna zare tare da rula, da hoton duk inda ta lalace. Sannan a rubuta sunanta a bakin masu ita, da tsawo da faɗinta, da adadin zare a santimita ɗaya, da garin da aka saƙa ta, da amfanin da ake yi da ita. Dattawa ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe aukuwa. Wadda ta ce an yi mata jere shekarar canjin hannu tana nufin 1972, shekarar fitowar naira 1973 ce, kammala madatsar ruwa ta Tiga kuwa 1974.

Kayan ɗaki sirrin mai su ne. Sai da izininta za a ɗauki hoto, da izininta kuma za a nuna shi ga wasu, kuma ɗalibai mata su suka fi dacewa da shiga cikin gida. A ajiye hotunan a wuri biyu, a wanke muhimman a takarda, domin waya na iya ɓata ko lalacewa.

Kafin a mayar da tufa adaka a tabbatar ta bushe sarai. Wannan ya fi muhimmanci a Tudun Wada da Doguwa, wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa. Funfuna takan tsiro idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 70 cikin 100. A sha mata iska a inuwa, a naɗe ta cikin farin yadin auduga, a guji leda mai riƙe gumi.

Aikin Gwaji Domin Aji

Malami ya samo sababbin ƙyallaye uku: ɗaya mai shunin baba, ɗaya ja na kanti, ɗaya fari. A rufe rabin kowane da kwali mai kauri, a ajiye su inda rana ke bugu har mako huɗu. Kowane mako a buɗe a ɗauki hoto a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da farar takarda a gefe. Daga nan ɗalibai su amsa waɗannan tambayoyi:

1. Wane ƙyalle ne ya fi saurin koɗewa, kuma me ya sa?
2. Mene ne amfanin farar takardar da ke cikin kowane hoto?
3. Idan fitila tana mita 2 daga bakin tufa na kusa da mita 4 daga na nesa, sau nawa hasken zai bambanta?

Kammalawa

Ajin da ya ƙware a wannan gwaji ya isa ya fita cikin gari. Idan kowace makarantar sakandare a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu ta tattara bayanin tufafi ashirin a shekara, cikin ɗan lokaci za a sami kundin da masu nazarin tarihi a Jami'ar Bayero da Gidan Makama za su iya dogara da shi, masaƙan da suka rage kuma su sami samfurin adon da ya fara ɓacewa. Ita kuwa tufar, da an gama ɗaukar hotonta sai ta koma cikin duhun adaka, inda za ta fi daɗewa.