An Buɗe Jijiyar Ƙafa, Sai Me Kuma?

Wani matashi ya rubuto mini cewa: "Likita, an yi wa Babanmu aiki a jijiyar jinin ƙafarsa ta dama, an sa masa ɗan ƙarfe a ciki. Tun da ya dawo gida muka hana shi motsi, ko masallacin Juma'a a mota muke kai shi. Amma a asibiti an ce ya riƙa tafiya. Anya ba zai ɓata aikin ba?"

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ku kuma ya yi muku albarka. Sai dai wannan lallaɓawar da kuke yi masa, ita ce za ta iya ɓata aikin.

Ciwon Baba toshewar jijiya ce. Kitse ne ke taruwa a bangon jijiyar da ke kai jini ƙafa, a hankali ta tsuke. Mutum ya ɗan taka sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya ya huta ciwon ya lafa, ya tashi ciwon ya dawo. Da yawa sukan ce sanyi ne ko tsufa, su yi ta shafe-shafe. Likita yakan buɗe wurin da 'yar balan-balan da ake zurawa ta matsematsi, wani lokacin ya bar 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent don ta tokare jijiyar. Idan toshewar ta yi tsawo, sai a ɗauko wata jijiya daga ƙafar, ko roba, a yi wa jinin ratse.

To, wuri ɗaya aka gyara. Kitsen da ya toshe ƙafa yana nan a jijiyoyin zuciya da na wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa. Iyalai yanke ƙafa suke tsoro, amma abin da ya fi ɗauke masu wannan ciwo shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake so a sa su cikin irin shirin farfaɗowa da ake yi wa masu ciwon zuciya, wato motsa jiki a gaban ƙwararru ana duba hawan jini da bugawar zuciya, da daidaita magani da abinci, da raba mutum da taba.

Tafiya ce ginshiƙin shirin: sau 3 a mako, minti 30 zuwa 45 kowane zuwa, na aƙalla mako 12. A Amurka, tun 2017 inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare ke biyan kuɗin zuwa 36 na wannan atisaye, kamar yadda take biyan sauran jinya. Akwai dalili. A wani bincike mai suna CLEVER da aka buga a 2012, an raba mutum 111 rukuni-rukuni, bayan wata 6 waɗanda suka yi atisayen suka fi waɗanda aka sa wa sitent daɗewa a kan injin tafiya. Aiki yana sakar wa jini hanya, amma tsokar da ta shekara tana zaune ba ta san an yi aiki ba. Sai an koya mata.

A wajenmu ba kowane asibiti ke da wannan shiri ba. Ku tambayi sashen fisiyo, wanda mutane ke ce wa sashen gashi. In ba a samu ba, a yi a gida. Da farko dai likitan da ya yi aikin ne zai ce a fara: wanda aka yi wa balan-balan kwanaki kaɗan ne, wanda aka yi wa ratse sai ɗinki ya kama, mai gyambo a ƙafa kuwa sai ya warke.

Ku samu hanya shimfiɗaɗɗiya, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Baba ya taka da ɗan kuzari har ya ji ciwon ya zo, matsakaici, ba wanda zai sa shi cije leɓe ba. Ya tsaya ko ya zauna har ciwon ya wuce, sannan ya ci gaba. Lokacin hutu ba ya cikin lissafi. Ranar farko ko minti 10 aka haɗa an gode Allah, sai a riƙa ƙara minti 5 duk mako. Ni nakan ce wa marasa lafiyata su ƙirga falwaya: yau a ta uku ƙafa ta ɗaure, bayan wata guda a ta shida. A rubuta a ɗan littafi, a je da shi ranar ganin likita. Idan aikin ya ɗauke ciwon gaba ɗaya, ma'aunin shi ne numfashi ya ɗan ɗaga amma yana iya amsa gaisuwa. Tafiyar hawainiya ba ta biya. Wani bincike a Amurka a 2021 ya gano cewa masu tafiya a hankali don gudun ciwo ba su fi waɗanda ba a sa tafiyar ba.

Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, a tsaya nan take a nemi asibiti. Haka idan ƙafar ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe, ta yi ciwo mai tsanani ko ta mutu. Wannan alamar hanyar ta sake toshewa ce, kuma awa 6 kan isa tsoka ta fara lalacewa. Ba a jiran gari ya waye.

Magani kuwa ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Asfirin ko clopidogrel na hana jini daskarewa a wurin aikin, wani lokacin likita ya haɗa asfirin da ƙaramin awo na rivaroxaban. Maganin kitse irin su atorvastatin na har abada ne, ko da gwaji ya yi kyau. Kada a je kemis a ƙaro diclofenac ko ibuprofen a kansu, ciki na iya zubar da jini. Ƙaho da tsaga ma a haƙura da su. In Baba yana shan taba, ya sani babu abin da ke saurin toshe sabuwar hanya kamarta, kuma ragewa ba ta wadatar.

Sai ƙafar kanta, musamman in akwai ciwon suga, domin mai suga yakan taka ƙaya bai ji ba. Kullum da dare wani ya haska tafin ƙafar da tsakanin yatsu. Bayan alwala a tsane ruwan. Da hunturu a shafa mai saboda faso, kada kuma a kara ƙafa a kaskon wuta. Ban da mai yankan farce na titi da rezarsa, ban da taka farfajiyar masallaci da rana ba takalmi. Takalmin tafiya ya zama rufaffe mai laushi, da safa.

Ka je ka ji ta bakin likitan Baba a wannan makon. In ya ce a fara, ku ajiye motar, kai da kanka ka riƙa raka shi.