Ruwa, Tara Ko Diyya? Wata Matsala A Ajin Fassara

A wannan ɗan darasi ina so ne mu duba wata matsala da na ci karo da ita lokacin da aka ba mu aikin mayar da sashe na 37 na dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta Gwamnatin Tarayya, ta shekarar 2007, zuwa Hausa.

Ga abin da sashen ya tanada. Idan mutum ya yi wa ma'aikatar gwamnati aiki, ya miƙa takardar neman biya, aka tantance, sannan kwana 60 suka wuce ba a biya shi ba, to an yi jinkiri. Daga nan wajibi ne a ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa, gwargwadon yadda aka rubuta a takardar kwangilar. To, wane suna za mu ba wannan ƙarin?

Yawancinmu "kuɗin ruwa" muka rubuta, domin ita ce daidai da kalmar da dokar ta yi amfani da ita. Sai dai Bahaushe da ya ji "ruwa", riba ce ke faɗo masa a rai, wato wadda addini ya hana. Kafintan da ya yi wa wata ma'aikata kujeru zai iya barin kuɗin nan saboda wannan kalma kaɗai, alhali a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma katakon da ya ci bashi ya saya bai tsaya jiran gwamnati ba.

"Tara" kuwa hukuma ce ke cin mutum ita, ba mu saba jin talaka ya ci gwamnati tara ba.

Saura "diyya". Asalinta fansar rai ko rauni ce, amma yau ana cewa an biya diyyar gona ko ta gidan da aka rushe. Ke nan ma'anarta ta faɗaɗa zuwa cike gurbin asara. Ni dai "diyyar jinkiri" ta fi kwanta mini, sai dai ita ma da tata illar: ta ɓoye cewa ana lissafa kuɗin ne bisa yawan bashin da tsawon lokaci, kuma a nan ne malamai suke da magana. Mai fassara ba shi da hurumin yanke musu hukunci ta bayan gida.

Saboda haka na rubuta "diyyar jinkiri", na bi ta da jimla guda mai bayyana yadda ake lissafin. Malaminmu ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya ce ta yi tsawo.