Yadda Ake Saita Kwamfuta Da Waya Su Riƙa Share Tarkace Da Kansu Ba Tare Da An Yi Asarar Fayil Ba

Kusan duk mai riƙe da waya ko laftof ya san saƙon nan mai ɓata rai da ke cewa ma'adana ta kusa cika. Daga nan sai ɗaukar hoto ya gagara, sabunta manhaja ya ƙi yiwuwa, kwamfuta ta shiga jan ƙafa. Abin ya fi tsanani a laftof na hannu masu faifan SSD mai gigabait 128, domin Windows da manhajojinta kaɗai sun cinye kaso mai tsoka.

Maganin da kamfanoni suka kawo shi ne shara ta atomatik, wato na'ura ta riƙa goge tarkace da kanta. Sai dai manhajar shara ba ta san darajar fayil ba. Abu biyu kawai take dubawa: inda fayil yake, da kwanakin da ya yi a ajiye. A wurinta, takardar shaidar karatu da aka sauke wata uku da suka wuce daidai take da tsohon fayil ɗin da aka gama amfani da shi. Don haka dole mai na'ura ya shata mata iyaka kafin ya sakar mata aiki.

Tarkace iri uku ne

Na farko shi ne wanda share shi ba ya jawo asarar komai: fayilolin wucin gadi da manhajoji ke bari bayan sun gama aiki, ragowar sabuntawar Windows, da rahotannin da kwamfuta ke rubutawa idan wata manhaja ta tsaya.

Na biyu shi ne wanda share shi ke cin data. Burauza irin su Chrome tana ajiye kwafin hotuna da sassan shafukan da aka ziyarta don kada ta sake sauke su. Idan ana goge wannan ajiya kullum, kullum sai an sake sauko da su. Haka kukis, ƙananan fayilolin da ke sa shafi ya gane mutum: an goge su, sai ya sake shigar da suna da kalmar sirri.

Na uku kuwa ba tarkace ba ne, kama da shi kawai ya yi: abin da ke cikin foldar Downloads, abin da ke kwandon shara, da kalmomin sirrin da burauza ta adana.

Ƙa'idar ita ce: na farko a bar wa atomatik, na biyu a yi shi jefi-jefi, na uku kuwa sai da hannu da ido.

Saita Storage Sense a Windows

Tun daga 2017 Microsoft ta saka Storage Sense a cikin Windows 10, kuma yana nan a Windows 11. Kyauta ne, ba sai an sauke komai ba. A shiga Settings, sannan System, sannan Storage, a kunna Storage Sense, sai a danna kansa domin buɗe saitunansa. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a tsaya a kansu.

1. Lokacin aiki. Zaɓin su ne kullum, kowane mako, kowane wata, ko sai fili ya yi ƙaranci. Na ƙarshen shi ne asalin saitin. Ga mai ƙaramin faifai, kowane wata ya wadatar, domin zai hana tarkace taruwa har kwamfuta ta fara nauyi.

2. Kwandon shara. Ana iya zaɓar kwana 1, 14, 30, 60, ko kada a taɓa shi sam. Asalin saitin kwana 30 ne, kuma ya yi daidai. Kwana 1 kasada ce, domin sau da yawa sai bayan mako mutum zai farga ya goge abin da bai kamata ba.

3. Foldar Downloads. A bar ta a kan Never, wato kada a goge komai. Nan ne ɗalibai ke barin kundin bincikensu, rasit ɗin biyan kuɗin makaranta da takardun neman aiki. Ita kanta Microsoft ta taɓa saka wannan folda cikin jerin abin da tsohuwar manhajarta ta Disk Cleanup za ta iya gogewa a 2018, daga baya ta cire ta bayan ƙorafin masu amfani.

4. Fayilolin OneDrive. Wannan saiti ba ya goge fayil gaba ɗaya. Yana cire kwafin da ke kan kwamfuta ne, ya bar wanda ke intanet. Illar ita ce, ranar da babu data ko sabis ya ɗauke, fayil ɗin ba zai buɗe ba. Duk fayil mai muhimmanci a danna shi da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Always keep on this device, Storage Sense ba zai taɓa shi ba.

A lura cewa Storage Sense yana aiki ne a kan faifan da Windows take, wanda yawanci shi ne C. Sauran faifai da filashi ba ruwansa da su.

Idan manhajar waje ce

Mutane da yawa sun saba da CCleaner, haka nan wasu manhajojin kashe bairos kan zo da nasu ɓangaren shara. A CCleaner, tsara lokacin shara na cikin sigar da ake biya. Sunayen maɓallai kan sauya daga wannan siga zuwa waccan, amma matakan kariya ɗaya ne.

A fara buɗe jerin abubuwan da manhajar za ta goge, a cire alama daga kalmomin sirrin da aka adana da bayanan cike fom na burauza. A nemi wurin keɓe kukis, a saka shafukan da ake shiga kullum kamar imel da shafin makaranta. A nemi wurin keɓe folda, a saka duk foldar da ba a so a taɓa. Kafin a kunna atomatik, a sa manhajar ta yi bincike kawai ta nuna abin da za ta goge, a karanta jerin da kyau.

Ɓangaren share rajistar Windows kuwa a ƙyale shi. Filin da yake samarwa bai taka kara ya karya ba, kuma Microsoft ba ta goyon bayan amfani da irin waɗannan masu share rajista, domin kuskure ɗaya na iya hana manhaja ko Windows ɗin kanta tashi.

Akwai kuma batun tsaro. Manhajar shara tana da izinin shiga kowane lungu na kwamfuta. A Satumbar 2017 an gano cewa masu kutse sun cusa mugun shiri a cikin CCleaner siga ta 5.33, kuma kimanin kwamfutoci miliyan 2.27 suka girka ta. Idan hakan ta faru da manhajar asali, ina ga wadda aka fasa aka raba a Telegram? A sauke daga shafin kamfani kawai, a riƙa sabuntawa, kada kuma a haɗa masu shara biyu a na'ura ɗaya.

A wayar hannu

Manhajar Files by Google tana da sashen Clean da ke nuna tarkace, hotunan da aka maimaita da manyan fayiloli. Abin da aka jefa a kwandonta yana yin kwana 30 kafin ya ɓace. Wayoyin Tecno da Infinix kan zo da Phone Master, na Samsung kuma da Device care. Ƙa'idar nan ta iri uku ita ce dai ke aiki a kansu duka.

Google Photos na da Free up space, wanda ke cire hotunan da aka riga aka adana a intanet. Amma filin kyauta gigabait 15 ne, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi. Idan ya cika, adanawa ta tsaya. A tabbatar tana tafiya, sannan a tabbatar ba a manta kalmar sirrin asusun ba, domin daga lokacin can ne kaɗai hotunan suke.

WhatsApp na kan gaba wajen cika waya, kuma rigakafi ya fi magani. A shiga Settings, sannan Storage and data, a kashe saukar bidiyo ta atomatik. A nan ne kuma Manage storage yake, inda ake ganin fayilolin da suka haura megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa.

Masu iPhone su kunna Offload Unused Apps, wanda ke cire manhajar da aka daɗe ba a buɗe ba amma ya bar bayananta.

Kafin a kunna komai

A faifan SSD, abin da aka goge daga kwandon shara da wuya ya dawo, domin akwai wani tsari mai suna TRIM da ke sa faifan ya wanke gurbin ba da jimawa ba. Ko an kai wa mai gyara, sau da yawa sai dai haƙuri. Don haka a kwashe muhimman takardu daga Downloads zuwa Documents, a ajiye kwafinsu a filashi ko a Drive, sannan a kunna sharar. Bayan mako ɗaya a koma a duba filin da aka samu, a kuma tabbatar komai yana inda aka bar shi.